Za A Duba

Tun kafin Auta ta ajiye jakarta a bayan kanta ta san yau akwai magana. Ɗakin jira na asibitin haƙori ya cika maƙil, kuma duk bakin da bai kumbura ba zance ɗaya yake yi. Kai, har waɗanda suka kumbura ma ba su yi shiru ba!

"Wai an yi masa canjin wurin aiki," in ji wani direba da ya tallafe kuncinsa da hankici. "Canjin me? Mu za a raina wa hankali? Korarsa suka yi!"

"Ba kora ba ce, shi ya ajiye da kansa," wata malamar makaranta ta ce. "Ni jiya ko abinci ban iya ci ba."

"Malama ai haƙori ne ya hana ki."

"Haƙorin me? Na fi wata ina ci da ɓari ɗaya!"

Duk wannan hayaniyar fa a kan Hawa Na Uku ake yi, wasan barkwancin nan na talbijin. Ofishin wani kamfani ne da har yau ba wanda ya san me suke sayarwa. Lif ɗinsu bai taɓa aiki ba. Ga Masinja mai bacci a tsaye, ga Sakatariya mai yanke farce da almakashin ofis, ga Mataimaki mai dogon wuya da ba abin da ya iya sai kai gulma. Sai kuma uban tafiya, Manaja. Shi duk abin da ka kawo masa, ko gobara ce, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce "za a duba", ya ɗaga matashin kujerarsa ya tura fayil ɗin ƙarƙashi ya zauna a kai. Kujerar nan ta yi tudu har kansa ya kusa taɓa fanka.

To jiya da yamma aka kunna, sai ga kujera ba Manaja. Mataimaki ne ya ɗare a kai yana washe baki.

Kuma mai fitowa a matsayin wannan Manajan, ku riƙe da kyau, shi ne saurayin Auta. A asibitin nan ba wanda ya sani sai Nas, ƙawarta.

Auta ta fara raba kati. Ita ma a talbijin ta gani kamar kowa. Ta kira shi har wayarta ta yi zafi, bai ɗauka ba.

"Ni dai abin da zan yi kewa, za a duba ɗin nan," direban ya ce. "Mutum ya yi maka ƙarya kana dariya."

Wata tsohuwa da ta rako jikarta cire haƙori ta yi tsaki. "Ku yaran nan ba ku iya kallo ba. Ba kullum yake ƙarya ba. In ya faɗa da tabarau a idonsa, to an binne maganar, ka je ka yi ta jira. Amma in ya cire tabaran ya ajiye kafin ya faɗa, da gaske yake. Ranar da matar Masinja take naƙuda ba cirewa ya yi ba? Ba a ranar ya ba shi motar ofis ba?"

"Wallahi haka ne Kaka! Ya cire!"

"Ai ni ba kallon hayaniya nake yi ba," in ji tsohuwar, ta gyara zama.

Nas ta leƙo ta yafito Auta. Ta ja ta ɗakin da ake dafa kayan aiki, ta tura ƙofa, tukunyar tana ta huci a gefe.

"Kin shiga guruf yau?"

"Wane guruf?"

"Na masoyan shirin mana. Riƙe zuciyarki ki karanta."

Auta ta karɓi wayar. Saƙonni ne ke zubowa kamar an buɗe famfo. Wani ya ce a dawo musu da Manaja ko su daina kallo har abada. Wata ta ce Mataimaki ko tari bai iya yi a ba da dariya ba. Wani bawan Allah ya ce a yi haƙuri a ba sabon dama, ai shi ma yana ƙoƙari, nan take aka ce ƙanin Mataimaki ne, a cire shi daga guruf. Aka kuwa cire shi.

Sai ta zo kan wanda aka manna a sama, na shugaban guruf. Ya rubuta: "Ku daina zagin Darakta. Mace ce ta raba mu da Manaja. Ba zan faɗi suna ba, amma tana ba da kati a wani asibitin haƙori."

 Ta dafa tebur.

"Na shiga uku. Nas, wa ye shugaban guruf ɗin nan?"

Nas ta taɓe baki ta nuna taga da haɓa. A tsallaken titi ga kemis nan mai koren allo.

Mai Kemis! Shi ne ɗayan da ke neman Auta, shi ne kuma wanda Baba yake yabo kullum, wai yaro mai sana'a a hannu. Baba bai taɓa ce mata dole ba. Abin da ya ce ranar da Mama ta kai masa zancen Manaja shi ne, "Ɗan wasa? Mai sa hular wani yana yi wa mutane gwalo? Ya je ya nemi sana'a tukuna." Daga nan bai sake ɗaga maganar ba, Mai Kemis kuma ya ci gaba da zuwa gaisuwa da man zafi na ciwon baya.

Ko da ta koma kanta, ga shi nan a tsaye cikin farar rigarsa, ƙamshin turare har ya danne warin magani.

"Ranki ya daɗe, na ga idonki ya yi ja. Ko in kawo miki na ɗigawa?"

"Kai ka rubuta?" Ta yi ƙasa da murya don mutanen benci.

"Na faɗi suna?"

"Asibitin haƙori nawa ne a unguwar nan?"

Ya yi murmushi yana juya makullin mota a yatsa. "Ni ma masoyin shirin ne Auta, zuciyata ta ƙone kamar ta kowa. Amma kin gani ko? Yau yana kan kujera, gobe babu. Ni kuwa ba wanda zai yi min canjin wurin aiki. Ki gaida Baba."

Yana fita malamar makarantar nan ta bi Auta da wani irin kallo, ta duba wayarta, ta sake kallonta. Auta ta sunkuyar da kai ta yi ta buga hatimi a katin da ta riga ta buga.

Sai da aka tashi hutun rana sannan wayarta ta yi ƙara, Manaja ne. Ta ruga matakalar baya inda ake ajiye tsintsiya da bokiti.

"Autar Baba."

Jin muryarsa kawai sai kuka ya ƙwace mata.

"Me ka yi? Don Allah me ka yi? Ka bari in gani a talbijin kamar baƙuwa?"

"Da na gaya miki za ki hana ni."

"Da na hana mana! Ka san abin da ake faɗa a kaina? Yanzu wata mata ta kalle ni kamar na sace mata ɗa."

"Ki yi haƙuri. Baba ya ce in nemi sana'a, na nema. Yayana ya ba ni wuri a shagonsa na kayan gini."

"Kai? Kai da ka buga ƙusa ɗaya ka yi sati da bandeji?"

Ya yi 'yar dariya, amma dariyar ba ta da jiki. Ita ta san shi. Ta san yadda yake tashi tsakiyar hira ya rubuta abin dariya a tafin hannunsa don kar ya manta. Ta san yadda yake kiran su Masinja 'yan gidanmu.

"Ka koma," ta ce tana jan hanci. "Ka je ka ba Darakta haƙuri. Ni ba zan iya ɗaukar alhakin nan ba. Wata rana za ka kalle ni ka tuna ni na raba ka da abin da kake so."

"Ba komawa, Auta. Darakta ya rantse a gaban kowa. Ya ce ko da rarrafe na dawo, ya rufe ƙofa. Har tabaran sai da ya sa na cire na miƙa wa Mataimaki."

"Innalillahi."

"Ke nake so fiye da kujera. Ina zuwa wurin Baba yau bayan la'asar. Ki yi min addu'a kawai."

"In ya ce a'a fa? Ka rasa shiri, ka rasa ni?"

 

Da ta isa gida, Mama ko amsa sallamarta ba ta yi da kyau ba. Tana zaune a falo tana ninke wanki, tana buga kowace riga a cinya kamar ita ta yi mata laifi. Yaya ma ta zo, tana jijjiga 'yarta Kumatu a baya, yarinyar tana fitar da haƙori ta hana kowa sakat tun safe.

"Ga ta nan, mai kashe mana shiri," in ji Yaya.

"Yaya don Allah."

"Wasa nake, zo nan. Kai, ji idonta! Mama ki ce wani abu mana."

Mama ta ajiye rigar. "Me zan ce? Ni abin da nake kallo ke nan in manta da ciwon ƙafa. Yaron kirki, mai ladabi, an sa ya zubar da abincinsa. Amma ba ke ba ce, ga mai laifi can." Ta nuna labule da baki.

Bayan labulen nan shagon Baba ne. Ɗakin gaba ne aka fasa masa ƙofa ta titi, a nan yake gyaran talbijin da rediyo tun Auta ba ta san kanta ba. Talbijin ne a jibge har rufi, wasu ba baya, wasu ba fuska, ga warin dalma, ga kwalin madara cike da ƙananan sukurori. Baba da tabaransa mai kauri da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya. Da shi yake aiki, da shi yake cin abinci, Mama ta ce da za a bar shi da shi zai yi wanka.

Shi a faɗarsa bai taɓa kallon wasa ba. In lokacin Hawa Na Uku ya yi aka taru a falo, sai ya yi tsaki ya shige shago ya ce yana da gwaji. Ko an jiyo muryar Masinja ta bayan labule, cewa yake, "Hoto nake dubawa ko yana rawa. Ni ina ruwana da abin da suke faɗa."

Ana idar da la'asar suka ji sallama ta ƙofar titi.

 Auta ta lallaɓa ta tsuguna a gindin labule, Yaya ta tsuguna a bayanta da goyo, Mama kuma ta ce ita ba ruwanta da laɓe, amma sai ga ta ta jawo kujera kusa wai nan ne iska take. Labulen mai kauri ne, ba a ganin komai, kuma ba mai ƙarfin halin ɗaga shi.

"Baba ina wuni."

"Lafiya. Talbijin ka kawo?"

"A'a Baba, ni na kawo kaina."

"To ni ba na gyaran mutane."

Yaya ta toshe baki. Auta ta mintsine ta.

Manaja ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya ce ya ji maganar Baba, ya bar wasa, ya bar shi har abada. Ya ce gobe zai fara zama a shagon yayansa. Ya ce shi bai iya komai ba a kayan gini amma zai koya, ko buhun siminti ne zai ɗauka. Ya ce shi dai Auta.

 Ƙarfen dalma kawai ake ji yana cii, cii.

"Wato ka bari," Baba ya ce can.

"Na bari Baba."

"Kwata-kwata."

"Kwata-kwata."

 Sai Auta ta ji an ajiye wani abu a kan katako, ƙwas. Sukudireba ce ko me, oho. Sannan Baba ya yi gyaran murya.

"Za a duba."

Wayyo Allah! Ji ta yi kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta ji Manaja ya yi wani irin sauti kamar wanda ya shaƙe, yana ta "na gode Baba, na gode, Allah ya ƙara girma", Baba kuma ya ce, "Tashi ka tafi, kana tare min haske." Ƙofar titi ta rufe.

Auta ta zube a wurin.

"Da kalmarsa," Mama ta ce tana tafa hannu a hankali. "Da kalmar yaron nan zai yanka shi? Bawan Allah ya zubar da komai ya zo ya durƙusa, a yi masa ba'a?"

"Shi da ba ya kallo ina ya san ta?" Auta ta ce cikin kuka.

"Wa ye bai san ta ba?" in ji Yaya. "Ko mai gyaran famfonmu ita yake ce min. Kowa ya san ma'anarta, an tura ki ƙarƙashin kujera an zauna."

"Shi ke nan Yaya, na kashe shi. Ba shiri, ba ni. Yanzu da wane ido zan kalle shi? Gobe wancan mai farar rigar zai shigo yana min murmushi."

"Yi shiru, za ki tashi Kumatu, da ƙyar ta yi bacci."

Amma Auta ba ta yi shiru ba. Ita da ko ƙara ba ta taɓa kai wa Baba ba, sai ga ta ta miƙe ta yaye labulen nan da ƙarfi har zoben sama ya yi ƙara.

"Baba, ni dai ko za ka dake ni sai na..."

Maganar ta maƙale.

Baba na zaune yana lalube a kan tebur, yana neman ƙaramin sukuru da tafin hannu kamar makaho. Idanunsa tsirara, 'yan ƙanana, ga shatin ƙarfe a karan hancinsa. Tabaran kuwa ga shi can a ninke, an ajiye shi tsaf a kan wata tsohuwar talbijin.

Abin da ta ji ya yi ƙwas ke nan.

Muryar tsohuwar nan ta asibiti ta dawo mata a kunne. Ta dubi tabaran, ta dubi Baba.

"Baba... ka cire."

"Na cire me?" Ya yi wuf ya laluba ya mayar, har ƙafar wayar ta karkace. "Jikar nan ce ta fizge min."

Yaya ta leƙo, ta juya masa baya ya gani. Kumatu ta saki baki tana ta sharar bacci har da yawu.

"Baba tun kafin ya shigo take bacci."

"To gumi ne ya dame ni! Mutum ba zai goge ido ba a shagonsa?"

Mama ta shigo ta riƙe ƙugu. "Malam. Gwaji ko? Hoto kake dubawa ko yana rawa?"

Yaya ta fashe da dariya har sai da ta dafa bango. Auta kuwa kuka take dariya take, ta durƙusa ta riƙe ƙafar kujerar Baba. "Na gode Baba, Allah ya bar mana kai, Allah ya..."

"Dakata." Ya ɗaga hannu. Fuskarsa ta koma yadda take. "Ban gama ba. Ni na ce ya nemi sana'a ya haɗa, saboda ranar da wasa zai ƙare. Yaushe na ce ya kashe mana, ya kashe wa mutane shiri? Ya tashi ya bar Masinja a hannun wancan mai wuyan? Lif ma ba a gyara ba! Mutumin da zai tsere ya bar 'yan ofishinsa rana tsaka, shi zan ɗauki 'yata in ba?"

"Baba saboda kai ya yi fa."

"To saboda ni sai ya koma. Ni ba zan iya faɗa masa ba, ke ki faɗa masa. Na riga na ce wa yaron kemis ya zo ya ji matsayinsa ranar da ake shirin. In na kunna gwajina na ga Manaja a kujerarsa, zan ba yaron kemis haƙuri ya tafi. In kuwa na ga mai wuya, to ba zan miki dole ba, amma ɗan wasan nan kada ya sake tako min ƙofa."

Dariyar Yaya ta tsaya cak. Mama ta saki ƙugu.

Ko da rarrafe. Haka Darakta ya ce, a gaban kowa.

Wayar Auta ta hau ruri a hannunta. Ta fita tsakar gida da gudu ta ɗauka, tun kafin ta kai kunne take jin ihun Manaja, ga ƙarar motoci a bayansa.

"Ya cire! Auta ya cire! Da idona na gani, ya ninke ya ajiye! Ashe Baba namu ne! Wallahi a tsakiyar titi nake, mutane na kallona, ban damu ba!"

"Na gani," ta ce a hankali.

"To me ya sa muryarki haka? Ki yi dariya mana!"

Ta jingina da bango. Ta cikin taga tana hango Baba ya kunna wata talbijin, ana tallan shirin mako mai zuwa. Ga Mataimaki nan a kan kujera, sanye da tabaran Manaja, yana zaro fayilolin nan ɗaya bayan ɗaya yana watsarwa ta taga. Baba ya yi tsaki mai ƙarfi har ta jiyo.

"Yallaɓai," ta ce. "Lambar Darakta tana wayarka har yanzu?"

Ihun ya ɗauke.

"Na goge ta jiya. Shi kuma ya toshe tawa. Lafiya?"